Ƙungiya Mai Tsayawa Da Ƙafafunta: Abin Da Ya Faru A Mondragon

'Yan'uwa, akwai wata tambaya da takan taso a tarurrukan ƙungiyoyin gama kai, musamman in an zo maganar kuɗi: wai shin ƙungiyar nan ta wane ne? Waɗansu suna ɗauka reshen gwamnati ce, tun da a ofishin gwamnati aka yi mata rajista. Waɗansu kuwa suna ganin ta shugaba ce, ko ta wanda ya kawo shawarar kafa ta. A takarda kam amsar a fili take, ta 'yan ƙungiya ce. Amma abin da aka rubuta daban, abin da yake gudana daban. Ana ce da ƙungiya, ko makaranta, ko asibiti, mai zaman kanta idan mutanenta ne suke zaɓen shugabanninta, su ne suke riƙe da kuɗinta, ba kuwa wani daga waje da zai iya rufe ta da rana tsaka don ransa ya ɓaci. Aikin irin waɗannan shi ne abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, wanda kuma hannun gwamnati bai kai wurin ba, ko kuwa ta ƙi kaiwa.

Domin mu ga yadda ake gina wannan, bari mu bar ƙasarmu mu duba wani gari a Turai mai suna Mondragon. Mutanensa maƙera ne da ma'aikatan masana'anta, ba manoma ba, amma ƙa'idar ƙungiyarsu ita ce ta kowace ƙungiyar gama kai: mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya.

Mondragon yana cikin wani kwari tsakanin duwatsu a arewacin ƙasar Sifen, a yankin mutanen Bask, masu harshensu dabam da na sauran ƙasar. An yi yaƙin basasa a Sifen daga 1936 zuwa 1939, gwamnatin yankin Bask kuwa tana cikin ɓangaren da aka ci da yaƙi. Janar Franco ya kama mulki, bai sake shi ba sai da ya mutu a 1975. Ya haramta ƙungiyoyin ƙwadago masu zaman kansu, ya hana a yi amfani da harshen Bask a makaranta da ofis. Bayan yaƙin sai yunwa da tarin fuka suka bi gari.

A watan Fabrairu na 1941 aka aiko wani matashin Fada na ɗarikar Katolika garin, sunansa José María Arizmendiarrieta, amma akan gajarta a ce Arizmendi. Shekarunsa 25. Ɗan manoma ne, ya rasa ido ɗaya tun yana ƙaramin yaro, don haka lokacin yaƙi aikin jarida ya yi wa sojojin Bask. An kama shi, da ƙyar ya tsira daga kisa. Ba gwanin wa'azi ba ne, har mutanen gari sukan yi ƙorafi cewa ba sa gane maganarsa. Abin da ya iya shi ne zama da samari, ya yi ta yi musu tambayoyi shekara da shekaru ba gajiya.

Makaranta ce ta fara

Babban kamfanin garin a lokacin shi ne Unión Cerrajera, mai narka ƙarfe da ƙera kwado da makullai. Kamfanin yana da makarantar koyon sana'a, amma 'ya'yan ma'aikatansa yake ɗauka, sai 'yan kaɗan daga waje. Arizmendi ya roƙi a buɗe ta ga sauran yaran gari, masu kamfani suka ƙi. Gwamnati kuma ba ta da niyyar gina wata. To, sai ya sa aka ajiye akwatuna a bakin tituna, duk mai son a kafa makarantar gari ya rubuta sunansa da abin da zai iya bayarwa, ko kuɗi ko aikin hannu, ya jefa a ciki. Wajen mutum 600 suka amsa. A 1943 aka buɗe makarantar koyon sana'a da yara 20. Waɗanda suka ba da gudummawa su ne suke zaɓen masu kula da ita.

Ku lura da tsawon lokacin da aka ɗauka. Daga buɗe makaranta zuwa kafa ƙungiyar farko shekara 13 ce. A ganina wannan shi ne abin da masu ba da labarin Mondragon suka fi yin tsalle a kansa. A cikin shekarun nan Arizmendi ya shirya da jami'ar Zaragoza, waɗansu ɗalibansa 11 suka yi karatun injiniya suna zaune a gida suna aiki, suna zuwa can rubuta jarrabawa kawai. Sa'ad da lokacin kafa masana'anta ya yi, akwai 'yan gari da suka san ƙarfe, suka san lissafi, suka kuma saba da yin muhawara a taro. Ba a nemi aron kai daga wani wuri ba.

Daga baya, a 1966, aka kafa wata ƙungiya ta ɗalibai mai suna Alecop, inda yaro yake aiki rabin yini, ya yi karatu rabin yini, abin da ya samu ya biya kuɗin makarantarsa. Makarantar nan ta yara 20 ita ce ta haɗu da waɗansu biyu suka zama Jami'ar Mondragon a 1997.

Biyar daga cikin tsofaffin ɗaliban, watau Usatorre, Larrañaga, Gorroñogoitia, Ormaetxea da Ortubay, sun fara aiki a Unión Cerrajera. An nemi kamfanin ya bar ma'aikata su sayi hannun jari, abin bai yiwu ba, sai suka bar aikin. Samun lasin kafa sabuwar masana'anta a zamanin Franco abu ne mai wuya ƙwarai, saboda haka a 1955 suka sayi wani ƙaramin kamfani da ya karye a birnin Vitoria, domin lasin da yake da shi. Kuɗin kuwa daga aljihunsu ya fito da na wajen mutum 100 na gari waɗanda suka amince da su. A 1956 suka dawo da aikin Mondragon, suna ƙera murhun kananzir. Suka harhaɗa haruffan sunayensu suka raɗa wa masana'antar suna Ulgor. Ita ce daga baya aka sani da Fagor, mai ƙera firji da injin wanki da murhun gas.

Ga yadda suka tsara ta. Duk mai aiki a ciki, bayan ya wuce lokacin gwaji, zai zuba jari ya zama ɗan ƙungiya. Jarin ya kai kimanin albashin shekara na ƙaramin ma'aikaci, amma ana cire shi kaɗan kaɗan daga albashi. Babban taro na dukan 'yan ƙungiya shi ne mai iko na ƙarshe. Shi yake zaɓen majalisar gudanarwa, majalisar ta naɗa manaja, in bai yi daidai ba ta sauke shi. Akwai kuma 'yan kwamitin binciken kuɗi waɗanda taro yake zaɓa dabam. Da farko an ƙayyade cewa albashin babba ba zai wuce ninki 3 na albashin ƙarami ba. Daga baya, da suka ga ƙwararru suna guduwa zuwa kamfanonin waje, sai aka buɗa tazarar har ta kai ninki 6 a ƙungiyoyi da yawa. Ribar shekara kuwa, kashi 10 cikin 100 na ilimi ne da hidimar gari, wani kashi mai kauri ya shiga asusun ko-ta-kwana wanda ba a rabawa, sauran a rubuta wa kowa a littafinsa. Amma ba ya ɗauka ya tafi da shi gida. Kuɗin yana zama cikin ƙungiya yana aiki, ana biyansa ruwa a kai, sai ranar da ya bar aiki ko ya yi ritaya.

Arizmendi kansa bai zama manajan ko ɗaya daga cikin masana'antun ba. Mai ba da shawara ne, yana yawo a kan kekensa, har ya rasu a 1976.

Banki

Masana'anta mai girma tana cin kuɗi fiye da abin da ma'aikatanta za su iya tarawa. Hanyoyi biyu ne a gabansu, dukansu kuwa da tarko. In sun sayar wa masu kuɗi hannun jari, masu kuɗin za su nemi ƙuri'a gwargwadon kuɗinsu, shi ke nan ƙungiya ta tashi daga hannun masu aiki. In sun dogara ga bankunan kasuwa, bankunan ba su yarda da kamfanin da ba shi da maigida ba, wanda ya ba ka bashi kuma yana iya janyewa ran da ka fi bukata. Arizmendi ya ce su kafa bankinsu. Samarin suka ƙi, suna ganin jiya jiya suka koyi riƙon masana'anta, ina su ina aikin banki. Sai ya shirya takardun neman izini da kansa, har ya sa hannu da sunan biyu daga cikinsu ba da saninsu ba. Ba na yaba wannan, kada kuma wani sakataren ƙungiya ya ce ya samu hujja. Da izini ya fito a 1959 suka karɓi abin, aka buɗe bankin da ake kira Caja Laboral Popular.

Kiran da aka yi wa mutanen yankin shi ne su zaɓa tsakanin littafin ajiya da akwatin tafiya. Ma'ana, ko ka ajiye kuɗinka inda za a buɗe wa ɗanka wurin aiki a gida, ko ya ɗaure kaya ya tafi ci-rani. Doka ta yarda bankin gama kai ya biya masu ajiya ruwa sama kaɗan da na sauran bankuna, wannan ma ya jawo mutane. Bankin bai tsaya ga ba da rance ba. Yana da sashe na musamman wanda in waɗansu mutane suka zo da niyyar kafa sabuwar ƙungiya, zai zauna da su watanni ana binciken ko abin da suke so su yi yana da kasuwa, ya haɗa su da wani gogagge mai bin sawunsu har su tsaya. Kowace ƙungiya kuma takan sa hannu a yarjejeniya cewa za ta bi ƙa'idodin nan na ƙuri'a da albashi da rabon riba, ta kuma buɗe littattafanta a duba. Waɗansu masu bincike biyu daga Amurka, William da Kathleen Whyte, sun ƙirga ƙungiyoyi 103 da aka kafa daga 1956 zuwa 1986, guda 3 kaɗai suka rushe.

Ba masana'antun ƙarfe kaɗai aka kafa ba. A farkon shekarun 1960 manoman kewaye suka kafa Lana domin sayar da madara da katako. A 1969 aka haɗa kantunan gama kai suka zama Eroski. A wannan shekara kuma matan aure suka kafa tasu, Auzo Lagun, suna aikin dafa abinci da shara, gama a lokacin mace takan bar aiki da zarar ta yi aure. Mutanen Bask dama suna da tsohuwar al'ada ta aikin gayya tsakanin maƙwabta, suna kiranta auzolan.

Ranar da gwamnati ta rufe ƙofar asibiti

A 1958 ma'aikatar ƙwadago ta Sifen ta fitar da umarni cewa 'yan ƙungiyar gama kai masu kamfani ne, ba ma'aikatan wani ba, saboda haka ba su da rabo a asusun gwamnati na jinya da fansho. Ku duba nauyin wannan. Mutum ya bar kamfani mai tabbas ya shiga ƙungiya, sai a wayi gari in matarsa ta kwanta ciwo ba mai biyan likita, in ya tsufa ba fansho. Da abin ya tsaya haka, da masu iyali sun koma wurin tsofaffin iyayen gidansu, ba kuwa wanda zai ga laifinsu.

A 1959 suka buɗe asusunsu a cikin sabon bankin, ana cire wani kashi daga albashin kowa duk wata. A 1967 asusun ya tsaya da kansa da sunan Lagun Aro. Shi yake biyan kuɗin magani, da albashin wanda ciwo ya hana shi aiki, da haƙƙin gwauraye da marayu, da fansho. Tun da kuɗin nasu ne, kowa ya san in an yi almubazzaranci daga albashinsa za a ƙara cirewa, sai suka riƙa sa ido a kan junansu. Daga baya doka ta canza, 'yan ƙungiya suka shiga tsarin gwamnati na masu aikin kansu, Lagun Aro ya zama ƙari a kan abin da gwamnati take bayarwa. Amma wani aiki ya rage a hannunsa wanda ba ofishin gwamnati da yake yi: idan aiki ya ragu a wata ƙungiya, shi yake nema wa mutanenta gurbi a wata, ya cike musu gibin albashi, wanda bai samu gurbi ba kuma a riƙa biyansa na wani lokaci.

Kada a ɗauka gaba suke yi da gwamnati. A ƙarƙashin dokar gama kai ta 1942, ta gwamnatin Franco ɗin nan, aka yi musu rajista. Makarantarsu ta nemi amincewar hukuma ta samu, ta kuma karɓi tallafi. Kuɗin kwastan mai yawa da aka ɗora wa kayan waje ya kāre musu kasuwa shekaru da dama, firjin Fagor ya shiga gidajen Sifen ba wani babban abokin hamayya. Sun karɓi abin da za su iya karɓa, amma zaɓen shugabanni da riƙon asusu ba su bar wa kowa ba. Shi ya sa da Franco ya mutu, tsarin mulki ya juya gaba ɗaya, ƙungiyoyin suka ci gaba da aikinsu kamar jiya. Kāriyar kasuwa ce ta ƙare bayan Sifen ta shiga kasuwar tarayyar Turai a 1986, daga nan suka fara gasa da manyan kamfanonin duniya.

Inda abin ya yi tsami

Zaman kai ba ya hana rigima a cikin gida. A 1974, lokacin da Ulgor ta kai mutum fiye da 3,000, aka kawo sabon tsarin auna matsayin aiki da albashi. Wajen mutum 400 suka shiga yajin aiki, abin da dokar ƙungiya ta hana, gama an ce mai abu ba ya yi wa kansa yaji. Aka kori 24, babban taro ya goyi bayan korar, sai bayan 'yan shekaru aka yarda su dawo. Abin da ya fito fili shi ne in ƙungiya ta yi girma da yawa, ƙaramin ma'aikaci yakan ji manaja ya yi masa nisa kamar kowane maigida, ko da ƙuri'arsu ɗaya. Daga nan aka ƙarfafa majalisar da take kai kukan ma'aikata, aka kuma fi son a riƙa yanke sabuwar ƙungiya daga jikin tsohuwa maimakon a bar guda ta kumbura.

Babbar jarrabawa ta zo a 2013. Fagor, uwar ƙungiyoyin duka, ta sayi kamfani a Foland a 1999, ta kuma ci bashi mai nauyi ta sayi kamfanin Brandt na Faransa a 2005. Sai kasuwar gine-gine ta Sifen ta faɗi daga 2008. In ba a gina sabon gida, wa zai sayi sabon firji da murhu? Ga kuma kaya masu araha daga Asiya. Sauran ƙungiyoyi sun tallafa mata da kuɗi wajen Yuro miliyan 300 cikin 'yan shekaru, waɗansu har da rage wa kansu albashi. A watan Oktoba na 2013 ta nemi ƙarin Yuro miliyan 170, majalisar ƙungiyoyin ta ce a'a, gama ta ga kuɗin ba zai tashe ta ba, sai dai ya ja sauran cikin rami. Fagor mai ƙera kayan gida ta karye, tana da ma'aikata wajen 5,600 a ƙasashe dabam dabam.

Abin da ya sa sauran ba su faɗi tare da ita ba shi ne kowace ƙungiya tana da asusunta da littafinta, bashin wata ba ya hawa kan wata. 'Yan ƙungiyar Fagor na yankin Bask, su kusan 2,000, yawancinsu an sama musu gurbi a waɗansu ƙungiyoyi ko an ba su ritaya da wuri, ta hannun asusun nan da aka kafa sanadin umarnin 1958. Amma sun yi asarar jarinsu, waɗansu tsofaffi da suka bar ajiyarsu a cikin kamfanin sun rasa ta, har an kai ƙara kotu. Ma'aikatan Faransa da Foland kuwa ba 'yan ƙungiya ba ne, 'yan albashi ne kawai, ba su da ƙuri'a, ba su da rabo a Lagun Aro. Wannan tabo ne na gaske. Ƙungiyar da aka kafa domin mai aiki ya zama mai abu ta koma ita ce uwar gidan dubban mutane da ba su da bakin magana a cikinta, har yanzu kuma akwai irinsu da yawa a kamfanonin da ƙungiyoyin Mondragon suka mallaka a ƙasashen waje.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi game da babban taron Fagor kansa.  Mutum yana iya ɗaga hannu a taro alhali bai fahimci lissafin da aka karanta masa ba, ƙuri'a kuwa ba ta maye gurbin sani.

Bankin ya haɗu da wani bankin gama kai a 2012, yanzu ana kiransa Laboral Kutxa. A lissafin 2023, haɗaɗɗiyar ƙungiyar Mondragon tana da ƙungiyoyi kimanin 80 da ma'aikata wajen 70,000. Ita kanta haɗaɗɗiyar ba ta mallaki ko ɗaya daga cikinsu ba, su ne suka kafa ta, suke ba ta kuɗi, kowace kuma tana da ikon fita. Irizar mai ƙera motocin safa ta fita a 2008. A watan Disamba na 2022 manyan ƙungiyoyi biyu masu riba, Ulma da Orona, suka kira babban taro a kan ko su zauna ko su fita, suna son ƙarin iko a kan yadda ake sarrafa ribarsu. Shugabannin haɗaɗɗiyar sun roƙi a zauna. 'Yan ƙungiya suka jefa ƙuri'a, masu son fita suka yi rinjaye a duka biyun, suka fita da masana'antunsu da mutanensu, suna ci gaba da aiki a matsayin ƙungiyoyin gama kai.